Bugun ƙasa ne ya sanya kwat

Ranar Asabar ina gidan yayata a Samaru, 'yarta ta miƙo mini waya tana dariya. "Kawu, zaɓi ɗaya." Bidiyo ne a TikTok: hannun wata baturiya, kyandir na ci, ga tulin kati uku a kife. Wai wanda na zaɓa shi zai faɗi abin da zai same ni a watan nan. Tarot ake ce masa. Na tambaye ta ko ta yarda da shi, ta ce ai wasa ne kawai.

Da wasan ne ma ya faro, wannan kam ta yi gaskiya. A arewacin Italiya aka ƙirƙiri katin nan a ƙarni na 15, karta ce ta masu hali, ana bugawa kamar yadda ake buga wot a bakin shago. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Court de Gébelin, ya fito ya ce asirin tsoffin Misirawa ne ke ciki, ba tare da wata hujja ba. Daga nan 'yan duba suka karɓe shi. Kati 78 ne, 22 manya, 56 ƙanana, kuma wanda kuka fi gani a waya an buga shi ne a Landan a 1909.

Ƙannena, kada yawan salon ya ruɗe ku. Wani kati uku yake jerawa: jiya, yau, gobe. Wani goma yake shimfiɗawa kamar gicciye. Wani ya haddace ma'anar kowane kati, in ya fito a juye ya juya fassara. Wata kuma ta ce ita ba ruwanta da hadda, abin da ya faɗo mata a rai take faɗa. Masu wayon cikinsu, waɗanda suka fi kama ɗalibai, cewa suke ba gobe suke faɗa ba, taimaka maka suke ka fahimci kanka. To, in haka ne, me ya kawo "zai dawo gare ki kafin wata uku"? Wanda ya zana yashi a faifai cikin zauren birni da wadda ta baza kati a Amurka, sana'arsu ɗaya.

In kun ce ai yana dacewa, a 1948 wani malamin jami'a, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa takarda, kowa na zaton bayanin halinsa ne shi kaɗai. Galibinsu suka ce ya yi daidai. Ashe rubutu ɗaya ya raba wa kowa. Wa ba shi da damuwar kuɗi? Wace budurwa ce ba ta da wanda take jira?

Hadisin kuwa kun san shi tun Islamiyya, yana cikin Muslim: wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. In zaɓi ya shige muku duhu, ga istihara, ga shawarar manya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, daga baya yayata ta gaya mini yarinyar nan ta daina gaisawa da ƙawarta ta tun firamare. Kati ne ya ce wata na kusa da ita tana yi mata hassada. Sati uku ke nan, ƙawar na kira ba a ɗauka.