Maganin da ke juya wa jini baya

Na gode wa marubucin wani labari da na karanta, wanda ya bayyana cewa garkuwar jiki takan iya kuskure ta riƙa lalata ƙwayoyin jinin mai ita, sai dai ina ganin bai tsaya sosai a kan rawar da magunguna ke takawa ba. Kloramfenikol, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, alal misali, an daɗe da sanin cewa a wasu mutane ƙalilan yakan sa ɓargo ya daina samar da jini gaba ɗaya, kuma hakan na iya bayyana makonni ko watanni bayan an gama shan maganin, lokacin da ba wanda zai yi tunanin shi ne sanadi.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne hefarin, maganin hana jini daskarewa. Tsakanin kwana 5 zuwa 10 da fara shi, garkuwar wasu marasa lafiya takan yi masa bore, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini su ragu, amma maimakon zubar jini sai jinin ya riƙa daskarewa a cikin jijiyoyi, wato ainihin abin da aka ba da maganin domin hanawa.

Haka kuma, mai shan karbimazol saboda maƙoƙo, idan zazzaɓi da ciwon makogwaro suka kama shi, ya kamata ya dakatar da maganin ya je a gwada jininsa a ranar, domin fararen ƙwayoyin jininsa, masu yaƙi da cututtuka, na iya faɗuwa warwas.