Ra'ayina a kan zaɓen na'urar MP3 ga mai sauraron karatu

Tun da kamfanin Apple ya daina ƙera iPod a shekarar 2022, bayan shekara ashirin da fitowarta ta farko a 2001, mutane da yawa suka ɗauka cewa zamanin ƙaramar na'urar sauraro ya wuce, wayar hannu ta maye gurbinta. Wanda ya zaga rumfunan kayan lantarki a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a nan Bauchi zai ga ba haka abin yake ba. Har yau ana sayen na'urorin MP3 da rediyoyi masu cin memori, domin uba ba ya so ya damƙa wa ɗansa mai hadda wayar da za ta ɗauke masa hankali, tela kuma ba ya so cajin wayarsa ya ƙare kafin azahar a ranar da ba a kawo wuta ba.

Matsalar da nake gani ita ce yawancinmu muna zaɓen na'urar da ma'aunin da bai dace da mu ba. An ƙera ta ne domin waƙoƙin minti uku ko huɗu, mu kuwa abin da muka fi zuba mata shi ne tafsirin watan azumi, da karatun Alƙur'ani, da wa'azi, da waƙoƙin makaɗan gargajiya waɗanda guda ɗaya kan ci rabin awa. Saboda haka tambayar farko da ya kamata a yi wa mai kaya ita ce, idan an kashe na'urar a tsakiyar karatu, za ta ci gaba daga inda ta tsaya, ko sai ta koma farko? Wanda ya saurari minti arba'in na tafsiri, aka kira salla ya kashe, ya dawo ya tarar malam yana sake buɗewa da addu'a, shi ne ya san muhimmancin wannan tambaya. Ga mai hadda kuma akwai madannin da ake rubuta wa A-B, wanda ke maimaita aya ɗaya ko biyu har sai an tsayar da shi, kuma a ganina ya fi allo mai launi amfani nesa ba kusa ba.

Batun girman ma'ajiya shi ne inda aka fi yaudarar jama'a. Sautin MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan MB ɗaya a kowane minti, wato awa guda ba ta kai MB 60 ba, don haka katin memori na gaskiya mai GB 8 zai ɗauki sauraron sama da awa 120. Me mutum zai yi da GB 128, in ba tara abin da ba zai saurara ba? Bugu da ƙari, yawancin na'urori masu araha ba sa karanta katin da ya haura GB 32, kuma kasuwa cike take da katunan jabu da ke nuna girman da ba su da shi, sai an cika su fayiloli su fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Gara ƙaramin kati mai asali a na'urar da ake iya cire shi.

Batir kuwa, na fi son wanda ake cirewa, irin BL-5C na tsofaffin wayoyin Nokia, domin duk inda ake gyaran waya ana samunsa. Zafin Maris da Afrilu a ƙasar nan ba ya tausaya wa batir, kuma wanda aka manne a ciki idan ya kumbura, na'urar ce gaba ɗaya ta tafi. Haɗin Bluetooth yana da daɗi, amma yana shan caji, ramin iyafis mai igiya kuma ya wadatar.

Akwai abu biyu da masu tura karatu a memori suka sani, masu saye kuma ba kasafai suke tambaya ba. Saƙon murya na WhatsApp yana zuwa ne a tsarin opus, wanda ƙananan na'urori da yawa ba sa buɗewa sai an mayar da shi MP3. Sannan wasunsu ba sa bin sunan fayil, suna bin jerin yadda aka kwafa ne, shi ya sa za ka ji an gama Baƙara an faɗa Yasin. Maganin wannan shi ne a sa wa surori lamba daga 001 zuwa 114, a kuma roƙi mai turawa ya kwafa su a jere, ko da hakan zai ɗan ɓata masa lokaci.

Kwali ba ya faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai ya cika ido da alƙaluma. Mai saye ya tafi kasuwa da nasa katin da nasa iyafis, ya kunna dogon karatu a gaban mai rumfa, ya tura shi zuwa tsakiya, ya kashe, ya sake kunnawa. Idan mai rumfa ya ƙi a gwada, akwai wata rumfar a gefensa.