Tasha daban, falon Alhaji daban

Waɗanda suka kalli wasan barkwancin nan na daren Asabar sun san abin da ya dame ni, saboda haka ba sai na maimaita labarin ba. Ina taya 'yan wasan murna, domin sun ƙirƙiro mana kamashon da babu irinsa a duk Jos, wanda yake yi wa Alhaji magana a falonsa na Rayfield da irin muryar da yake kiran fasinja a tashar Bauchi Road, har ya ɗora ƙafa kan teburi, babu wanda ya ce masa uffan.

A nan ne wasan ya mutu. Dariyar irin wannan wasa daga sauyin wuri take fitowa, domin wuri shi yake tilasta wa mutum ya sauya murya da zama da tafiya. Kamasho a tasha sarki ne, yana daka wa direba tsawa, yana fizge jakar matafiyi, yana rantsuwa cewa saura mutum ɗaya mota ta tashi. Idan ya shiga gidan mai kuɗi kuwa, sai ya tuɓe takalmi tun daga bakin ƙofa, ya ƙi kujerar da aka nuna masa, ya raɓe a gefen darduma, ya karɓi kofin lemo da hannu biyu yana ta “ranka ya daɗe”. To, lokacin da bakinsa ya suɓuce ya kira Hajiya da “ke mai jan gyale”, a nan ɗaki zai fashe da dariya. Idan tun shigowarsa yake ihu, me ya rage da zai suɓuce?

An ce mini ai barkwanci ne, ba darasin jami'a ba. Madalla. Barkwancin ne ma ya fi buƙatar wannan. Marubucin wasan kwaikwayo na Turanci Oliver Goldsmith ya gina wasansa na 1773 a kan saurayin da aka yaudara ya ɗauki gidan dattijo mai mutunci a matsayin masaukin haya, sai ya riƙa ba mai gidan umarni kamar bara, kuma masu kallo suna dariya saboda sun san inda yake, shi bai sani ba. A wasan wani marubucin na Turanci, Oscar Wilde, na 1895 mutum guda ne yake da suna biyu, Jack mai kamun kai a ƙauye, Ernest mai sharholiya a birnin Landan. Mu ma a gida, Hausar da marigayi Usman Baba Pategi ya yi suna da ita a wasan kwaikwayon Samanja harshen barikin soja ce, kuma barikin ne ya ba ta ɗanɗano.

Wasu kuma sun ce babu kuɗin ƙawata dandamali. Wannan uzurin ban karɓe shi ba, domin ban nemi a gina bene ba. Benci ɗaya ya isa tasha, darduma ɗaya ta isa falo, sauran aikin yana jikin ɗan wasa. Na faɗi haka ne don ina son yaran nan, kuma wanda ya fito a matsayin kamasho yana da baiwa ta gaske, jagora kawai ya rasa.

Sai dai kujerun robar da aka jera a matsayin kayan falon attajiri, masu ɗauke da sunan mai hayar kujerun biki da jan fenti a bayansu, ya kamata a ce an samu mai tausayin da zai lulluɓe su da zanin gado kafin a buɗe labule.