Hausawan Sudan tsakanin haƙƙin mutum da haƙƙin ƙabila

Duk lokacin da maganar 'yancin mutum ɗaya ta taso a majalisar dattawanmu, daga garin Mai Wurno har Gadarif da Kasala, amsar kusan ɗaya ce: aƙidar Turawa ce da ke koya wa ɗa raina uba, kowa tasa ta fisshe shi. Damuwar tana da tushe. Sai dai a ganina, Bahaushen Sudan ya fi kowa buƙatar auna wannan tunani kafin ya yi watsi da shi, domin zamansa a ƙasar nan ya nuna masa abin da ke biyo baya idan hukuma ta ƙi kallon mutum sai ta fuskar ƙabilarsa.

Muhawarar tsohuwa ce. A 1689 John Locke ya ce hukuma tana samun halacci daga yardar waɗanda take mulka, kuma aikinta shi ne tsare ransu da 'yancinsu da dukiyarsu. A 1859 John Stuart Mill ya ƙara da cewa ba a tauye baligi sai don hana shi cutar da wani. Masana irin su Charles Taylor da Michael Sandel sun mayar da martani cewa babu wanda ya faɗo daga sama, kowa a cikin dangi da harshe da addini ya tashi, kuma su ne suka gina shi. Da dattawanmu za su ji wannan martani, da sun gyaɗa kai.

To amma mu dubi ƙasarmu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a zuwa gaɓar kogin Nilu Shuɗi, wasu kuma hanyar Hajji ce ta kawo su tun kafin nan. Da aka buɗe aikin noman Jazira a 1925, gumin waɗannan mutane ya shiga audugar da ta riƙe tattalin arzikin Sudan. Duk da haka, dokar 1948 ta ɗaure zama ɗan ƙasa da zaman mutum ko iyayensa a Sudan tun ƙarshen 1897, kuma tsarin idara ahliyya, wato mulki ta hannun sarakunan gargajiya, ya raba ƙasa gida-gida, kowace ƙabila da yankinta da nazirinta, wato sarkinta. Wanda ƙabilarsa ba ta da yanki baƙo ne, ko da kakansa ne ya sare dajin ya yi gonar. A Yulin 2022, rikicin da ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi bayan Hausawa sun nemi masarautar gargajiya ya ci rayuka fiye da 100, aka kuma sake zubar da jini a Wad al-Mahi a watan Oktoba.

Ba na zargin waɗanda suka nemi masarautar, domin a tsarin da ba ya sauraron kowa sai ta bakin sarkin ƙabilarsa, wanda ba shi da sarki ba shi da baki. Abin da ke damuna shi ne neman ya amince da ƙa'idar da ta mayar da mu baƙi tun farko, wato cewa ƙasa ta ƙabilu ce. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida kullum za a samu wanda zai ce ya riga mu zuwa. Idan kuwa gona ta wanda ya mallake ta ce bisa doka, kuma kotu mutum take tuhuma da laifinsa, babu mai ikon ƙona unguwa saboda abin da mutum ɗaya ya aikata. Musulunci ma ya karantar da mu cewa babu ran da ke ɗaukar nauyin laifin wani.

Gaskiyar masu sukar 'yancin mutum ɗaya ta fito fili tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilun 2023. Da hukuma ta watse, takarda ba ta ciyar da kowa ba. Takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka, da ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni, waɗanda suka tsiro daga al'adar nafir, irin gayyarmu, su ne suka riƙe mutane. Amma abin lura shi ne matasan da ke raba abincin ba sa tambayar ƙabila kafin su zuba wa mutum, kuma babu naziri ko umda (dagaci) da ya tilasta musu fitowa. Zumunci ya yi aikinsa ba tare da doka ta rataya haƙƙin kowa a wuyan ƙabilarsa ba.

Saboda haka, idan aka zauna teburin tsara Sudan ta bayan yaƙi, ina roƙon iyayenmu da malamanmu su sa abubuwa biyu a gaban kujerar sarauta: a ba duk ɗan ƙasa lambarsa ta shaidar zama ɗan ƙasa bisa sharuɗɗa iri ɗaya, ba tare da an tsananta wa wasu bincike saboda asalinsu ba, sannan a yi wa manomi rajistar gonar da ya gada yake nomawa da sunansa, a Damazin ne ko Rusairis ko Sinnar.