Manomin Ader bashin jira yake buƙata

A watan Maris da Afrilu, idan aka kwashe albasar rani a Galmi da Tsernawa da Madawa da Tamaske, buhuna kan cika kasuwa har farashi ya faɗi warwas. Bayan wata shida ko bakwai, wannan buhu da aka ɗauka da araha ya ninka kuɗinsa a kan hanyarsa ta zuwa Akara da Abijan. Kowane manomin Ader, yankin da ke jihar Tawa a Nijar, ya san wannan lissafi, ba sai wani ƙwararre ya taso daga Yamai ya koya masa ba. Duk da haka a lokacin arahar yake sayarwa, saboda ranar da ya ciro albasa daga ƙasa, ranar ce masu binsa bashi ke tsaye a bakin garka.

Bashin ba na banki ba ne. Ɗan kasuwa ne ya ba shi taki da man injin ban ruwa tun lokacin dashe, bisa sharaɗin shi zai sayi albasar, kuma a farashin ranar da aka kwashe ta. Ba a ambaci kuɗin ruwa ba, don haka kowa na ganin ya tsira da addininsa. Amma a lissafa tazarar da ke tsakanin farashin Afrilu da na Nuwamba, za a ga babu bankin da ke cin abin da wannan ciniki ke ci. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Haka abin yake ga mai gero: ya sayar da dami a kaka don biyan bashi da hidimar biki, ya dawo tsakiyar damina yana awon tiya-tiya da tsada, daidai lokacin da ya kamata ya shiga gonarsa da ƙarfinsa.

Ba za a ce hukuma ba ta taɓa motsawa ba. Bankin manoma na BAGRI yana aiki tun 2011, an kuma kafa asusun FISAN a 2017 domin haɗa tallafi da rance ga masu noma. Matsalar tana bakin ƙofa. Banki jingina yake nema, kuma jinginar da ta fi kwanta masa a rai ita ce takardar gida a cikin gari. Gonar gado da ke hannun 'yan'uwa biyar ba ta cikin lissafinsa. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin filaye masu ba da takardar shaida, sai dai gonaki da yawa har yau shaidarsu dattawa ne da maigari. Ƙananan asusun rance sun fi kusa da talaka, amma kuɗinsu da tsada: iyakar ruwan da aka ƙayyade musu a ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin Sefa a 2014 kashi 24 cikin 100 ne a shekara, na bankuna 15. Wasu kuma biyan wata-wata suke so, alhali albasa sau ɗaya take biya.

Banki ma yana da tasa hujjar. Kuɗin da yake rantawa na masu ajiya ne, noma kuma ruwan sama ke riƙe da shi. Ambaliyar 2024 kaɗai ta isa misali. Sannan mu ma muna da halinmu: rance in dai da sunan gwamnati a jikinsa, wasu rabon ganima suke ɗaukarsa.

Shi ya sa nake ganin maganar a raba wa manoma kuɗi kafin shuka ba ita ce kan gaba ba. Abin da ƙaramin manomi ya rasa shi ne halin jira bayan girbi, kuma Nijar ta riga ta san hanyarsa. Tun ƙarshen shekarun 1990 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta shigo da tsarin warantaji: ƙungiyar manoma ta tara gero ko wake a mangaza, wato ɗakin ajiya, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun mai ba da rance. A ba kowa wani kaso na darajar buhunansa ya yi kiwo ko ƙaramar sana'a, in farashi ya tashi a buɗe, ya biya, saura nasa. Hatsin shi ne jinginar, ba ruwan kowa da takardar fili. Yana da haɗari, domin akwai shekarar da farashi kan ƙi tashi, musamman in an fito da hatsin sayarwa da rahusa. Wannan haɗarin ne ya kamata kuɗin hukuma ya tsaya wa.

Albasa ta fi wuya. A rudun gargajiya na kara da ciyawa, kaso mai yawa kan ruɓe kafin tsada ta zo, kuma ba mai karɓar jinginar abin da ke raguwa kowane mako. Sai an fara gina ɗakunan ajiya masu shan iska, ginin da ba a biyansa da noman shekara ɗaya. Rufe iyakokin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna mana ƙarara: da hanyar Benin ta toshe, mai wurin ajiya ya jira, marar shi ya sayar a yadda aka taya.

Noman gobe a jihar Tawa na ban ruwa ne, da famfo mai aiki da hasken rana wanda ke raba mutum da sayen mai. Amma kuɗinsa a dunƙule ake biya tun farko, shi ya sa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata ne suka fi iya kafa shi. In aka bar abin haka, su za su riƙa sayen fadamu, ɗan mai gonar kuma ya koma ɗan ƙwadago a filin ubansa, ko ya bi sahun masu cin rani zuwa Libiya da Aljeriya.

Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da suka faro a Maraɗi a 1991, sun daɗe da nuna cewa mutanen karkara na biyan bashi in a tsakaninsu aka ƙulla shi. Da irin waɗannan ƙungiyoyi ya kamata BAGRI da FISAN su yi hulɗa: rancen shekara uku zuwa biyar na mangaza da famfo, biya sau ɗaya a shekara, a sa wa'adin a watan Nuwamba maimakon Afrilu.