Masu cewa Fury zai rama, ku sake kallon turmi na 9

Na karanta hasashen da kuka kawo cewa ɗan damben boksin Tyson Fury zai ƙwace kambun duniya na ajin masu nauyi daga hannun Oleksandr Usyk a karawarsu ta biyu, ranar 21 ga Disamban 2024 a Riyadh. Haba jama'a! Kun manta dambensu na farko na watan Mayun 2024? A turmi na 9 Usyk ya yi ta zuba masa naushin hagu, Fury na tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan, har alƙalin wasa ya fara ƙirga masa. Ba don igiyar ba da tuni ya sha ƙasa. Gaskiya ne Fury ya fi Usyk tsayi da nauyi, kuma ya taɓuka a tsakiyar wasan, amma bahagon nan Usyk ba ya gajiya. Ni dai Usyk na ba, da maki, bayan turmi 12.