Borin jini da zancen "maganin mahaukata"

Masu tallar maganin gargajiya a TikTok da Facebook sun samu sabon abin yayi: wai likitoci suna ɗura wa masu borin jini "maganin mahaukata", don haka a bar asibiti a zo a sha wankin ciki. Abin haushin, har da 'yan boko a cikin masu yaɗa zancen.

Gaskiya ne doxepin, ɗaya daga cikin magungunan da suke yi wa wannan sharri, don ciwon damuwa aka yi shi. Amma yana da ƙarfi wajen toshe histamin, sinadarin da ke tayar da kumburi da ƙaiƙayi a fata. Shi ya sa likita kan ba da shi kaɗan da dare, idan magungunan ƙaiƙayi da aka saba bayarwa, irin su cetirizine, sun gaza ko bayan an ninka su har sau 4. Babu wanda ya ce ka zare.

Kuma idan likita ya tambayi barcinka da halin zuciyarka, me ya yi zafi? Borin da ya wuce mako 6 yana tafiya yana dawowa ya zama mai naci, kuma kusan mutum 1 cikin 3 masu shi suna fama da fargaba, damuwa ko makamancinsu. Ku dubi matar da ta kwana tana susa, ta tashi leɓe a kumbure, ga biki gobe, ga dangin miji na raɗar sammu ne. Tashin hankalin ya ƙara tayar da borin, borin ya ƙara hana ta barci. Wane wankin ciki ne zai shiga tsakani?

Masu cewa duk abin a zuciya yake, ba ni da lokacinsu: fata ce ke kumbura, ido na gani.

Wanda ya kamata a yi wa bidiyo shi ne mai kemis da ke ƙulla wa mutane dexamethasone, maganin kumburi mai ƙarfi, wata da watanni, har fuska ta kumbura, hawan jini da suga su biyo baya. Shi ba a taɓa shi, don maganinsa ba shi da sunan hauka. Tun Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, amma har yau a Kano "Dawanau", inda asibitin ƙwaƙwalwa yake, zagi ne. Ma'aikatun lafiya su sa likitocin fata da na ƙwaƙwalwa a rediyo tare, sannan NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta leƙa ledojin kemis ɗin unguwa.